Lanho da naƙasassu: sauƙin da doka ta yi



Yau zancen lanho za mu yi, amma ta wajen ƴan'uwanmu naƙasassu: makafi, guragu, kurame, kutare da masu taɓin hankali. Ba kaɗan ba ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum 715.497 a Nijar, wato wajen mutum 4 cikin kowane 100. Garin da ke da mutum 500, ke nan ana iya samun 20.

Tun 1993 gwamnati ta yi doka don kare su. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙinsu, a 2019 kuma aka yi sabuwar doka. Doka akwai ta. Amma takarda ba ta da ƙafa, ba ta zuwa gidan kowa da kanta.

Ku duba yadda ake karɓar lanho a ƙauye. Ma'aikatan meri su zo su yi ƙidaya. Su rubuta sunan maigida da mutanensa, su ware waɗanda za su biya. Da wannan lissafi maigari yake bi gida gida. Mutumin da naƙasa ta hana shi aiki, ba ya da abin hannu, an ɗauke masa wannan lanho. To, in ranar ƙidaya ba a faɗa ba, sai a rubuta shi cikin masu biya. Shekara ta zagayo, maigida ya auna hatsi ya sayar ya biya kuɗin da ba a bin sa. Baɗi ma haka. Kada ku ga laifin maigari. Abin da ke rubuce shi yake nema, shi ma ana jiran sa da kuɗin a meri.

Me ke hana a faɗa? Sau da yawa kunya ce. Wani ya ɓoye ɗiyarsa a ɗaki ranar ƙidaya, wai kada baƙi su gan ta. Ni dai ban ga amfanin wannan kunya ba. Wadda aka ɓoye, in an zo rabon keken guragu ko sandar makafi, wa zai tuna da ita?

Ga abin yi. A fara da takardar haihuwa. Wanda ba a yi masa ba tun yana jariri, alƙali yana yin wata a madadinta, da shaidu. Sannan a je wajen likita ya duba, ya rubuta irin naƙasar, ya buga hatimi. A kai takardun meri tare da maigari a nemi gyaran lissafi. In tafiya ta yi wuya, ku tambayi ofishin kula da jin daɗin jama'a na jiharku, ko ƙungiyar naƙasassu. Suna da tarayya ta ƙasa baki ɗaya, cibiyarta tana Yamai.

A nan karatunku zai yi rana. Ku karanta sunan da aka rubuta harafi harafi. In takardar haihuwa ta ce Hasana, ta likita ta ce Usaina, za a maido ku, kuɗin mota ya tafi banza. Kada ku bar ma kowa takardarku ta asali, ku ba da kwafi. Kuɗin da kuka biya kuma, ko dala ce, ku karɓi rasit.

Ma'aikaci mai albashi, kai ma da kai ake. Ana rage lanhon albashi bisa yawan iyalin da kake ɗauke da su, ɗa naƙasasshe kuwa yana cikin lissafi ko ya girma. Sai dai ka kai takardar likita wajen mai biyan ku.

Kada kuma a ji ni a karkace. Ban ce duk naƙasasshe ya huta da biya ba. Gurgun da ke da shagon walda ko tebur a kasuwa, sana'a yake yi, akwai abin da ake biya a kanta. Ya je ofishin lanho ya tambaya, ya sa a rubuta masa amsar.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta sunayen mutanen gidansa a allo. Ya sa alama gaban wanda ba ya da takardar haihuwa. Ku kawo ma malaminku ranar karatu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.