Katin da ake loda wa kuɗi da asusun PayPal: jawabin ranar taron shekara



Yaranmu da ke zaune a rumfuna ranar Lahadi a kasuwar Pitowa sun fara odar kayan waya da fitilun sola daga Sin ta intanet, kuma da yawa da katin Visa da ake loda wa kuɗi suke biya, irin wanda bankuna ke bayarwa a Garwa. Amfaninsa a fili yake: abin da ka zuba shi kaɗai zai iya fita, ɓarawo ba ya kaiwa ga jari.

Matsalar tana farawa wajen haɗa shi da PayPal. Tun 2014 ake buɗe PayPal a Kamaru, amma asusun na biya ne, kada ka ba abokin ciniki na waje shi ka zauna jiran kuɗi. In ka sa katin, za su cire ɗan kuɗi kaɗan, lamba huɗu ta fito a bayanin katin, ka mayar musu da ita, su dawo maka da kuɗinka. Katin da babu ko sisi a ciki ba zai tsallake nan ba. Haka wanda aka loda wa daidai farashin kaya, domin akwai ladan canji. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato ɗari shida da hamsin da shida ba kaɗan, ba ya motsi. Dala kuwa, ta Amurka nake nufi ba tamu ta sefa biyar ba, kullum da farashinta.

Abin da ya fi damuna shi ne aron kati. Mu mutanen amana ne, kaya na tafiya Mubi da Yola a kan magana kawai. Na'ura ba ta san wannan ba. Suna ɗaya take so a kati da asusu, ƙasa ɗaya, adireshi ɗaya. Alhaji, in yaronka ya buɗe asusu da sunansa ya sa katinka, ranar da aka rufe shi ana neman katin shaida, wa zai amsa? In kaya ba su zo ba, kana da kwana 180 ka kai ƙara, amma mai asusun ne kaɗai ake saurara, kuɗin kuma katin da suka fito suke komawa. Don haka a duba ranar mutuwar kati kafin a yi oda.

Sai dokar BEAC ta 2019: sayayya ta intanet daga wajen CEMAC, in ta wuce sefa miliyan 1 a wata, banki zai nemi takardu. Kayan da suka kai miliyan 5 kuwa sai an yi rajistar shigo da su a banki. A ajiye kowane rasit, a buga shi a takarda, waya tana ɓata.

Mai tambaya ya same ni bayan sallar La'asar.