Karayar Hanci: Wadda Ake Gyarawa da Hannu da Wadda Sai An Yi Tiyata



Ranar 17 ga Yunin 2024, ana dab da tashi daga wasan Faransa da Ostiriya a birnin Dusseldorf na Jamus, Kylian Mbappe ya tashi zai sa wa ƙwallo kai, sai fuskarsa ta haɗu da kafaɗar Kevin Danso. Jini ya jiƙa riga, hanci ya karkace. Duk wanda ya ga hoton zai rantse a daren za a shiga da shi ɗakin tiyata. Likitoci suka duba, suka ce ba yanzu ba, aka ƙera masa takunkumin kare fuska. Ranar 25 ga watan ya dawo fili, har ya zura wa Folan ƙwallo a bugun fenariti.

Raunin Victor Osimhen daban ne. A Nuwamban 2021 ya yi karo da Milan Skriniar a wasan Napoli da Inter, ƙashin kunci da na kwarmin ido suka farfashe, sai da aka ɗinke su da faranti da kusoshin ƙarfe, ya yi kusan wata biyu yana jinya. Dukansu an san su da takunkumi, amma raunin ba ɗaya ba ne, kuma tantance irin wannan bambanci shi ne aikin farko na duk wanda aka kawo masa mai fasasshen hanci.

A duk ƙasusuwan fuska babu wanda ya kai na hanci yawan karyewa, don shi ne a gaba, ga shi siriri. Ƙasusuwa biyu ne ƙanana a saman karan hanci, daga nan zuwa ƙasa guringuntsi ne, sai katangar da ta raba ƙofofin biyu, wadda gabanta guringuntsi ne, bayanta ƙashi. A wajenmu abubuwan da ke karya shi sanannu ne: faɗuwa daga babur ba hular kwano, naushin dambe, gwiwar hannu a filin ƙwallo, faɗuwar yara da tsofaffi. Akwai kuma wadda za ta zo da hanci a kumbure ta ce ƙofa ce ta buge ta, mai gidan na tsaye yana tayawa da bayani. Ma'aikacin lafiya mai lura yakan nemi hanyar sake tambayarta ita kaɗai.

Abin da aka saba yi in haɓo ya ɓalle shi ne a ɗaga kai sama, a cusa tsumma, a sheƙa ruwa a ka. Ɗaga kan ba ya tsayar da jini, maƙogwaro kawai yake tura shi, mutum ya haɗiye, daga baya ya yi amai. Daidai shi ne a zauna, a ɗan sunkuya, a matse wuri mai taushi na hanci da yatsu biyu minti 10 zuwa 15 ba tare da ana saki ana leƙawa ba. Sannan a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a riƙa ɗorawa, a sha farasitamol, a guji asfirin domin yana hana jini daskarewa, a ƙara matashin kai lokacin kwanciya. Gashi da ruwan zafi da goga man zafi a kwana biyun farko ƙara kumburi suke yi.

Mafi yawan karayar hanci a nan take tsayawa. In hancin bai karkace ba, iska na wucewa ta kowace ƙofa, to kumburi zai sauka cikin mako guda, ƙashi ya haɗe da kansa cikin kamar mako uku. Ko hoton ƙashi ba lallai ba ne. Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro sun daɗe da gane cewa hoton bai cika canza shawara ba: ido da yatsa da fitila sun fi shi faɗin gaskiya. Majinyaci kuwa sau da yawa sai ya ga kamar ba a duba shi ba in ba a tura shi hoto ba, ya kashe kuɗin da zai buƙata nan gaba.

Abin da bai kamata a kwana da shi ba a ciki yake, ba a ganinsa daga waje. Guringuntsin katangar hanci ba shi da jijiyoyin jini na kansa, daga fatar da ke manne da shi ta gefe biyu yake samun abinci. In bugu ya sa jini ya taru tsakaninsu, fatar ta ɗago, guringuntsin ya fara mutuwa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Daga nan sai mugunya, sai zazzaɓi, bayan watanni karan hanci ya lotsa a tsakiya kamar sirdin doki, wani kuma katangar ta huje. Gane shi ba wuya: a ɗaga kan hancin, a haska fitila, za a ga wani kumburi ja ko mai duhu, mai taushi in an taɓa shi da auduga, ya toshe ƙofa ɗaya ko duka biyun. Maganinsa ƙaramar tsaga ce a fitar da jinin, a cusa bandeji don kada ya sake taruwa, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Aikin 'yan mintuna ne, amma gyaran hancin da ya riga ya lotsa yakan kai ga a yanko guringuntsi daga kunne ko haƙarƙari. Yara sun fi faɗawa wannan, don hancinsu lanƙwashewa yake yi maimakon ya karye, iyaye su ga ba karkata, su ce ai buguwa ce kawai.

Haka nan ba a jira in jini ya ƙi tsayawa, ko mutum ya suma, ko yana ganin abu bibbiyu, ko haƙoransa sun daina haɗuwa yadda suka saba, ko wani ruwa garai-garai yana ɗiga daga hanci, wanda kan iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Nan ne hoton kwamfuta na kai da fuska yake da amfani, don karayar ta wuce hanci.

In hanci ya karkace amma babu waɗannan, sai gyaran hannu, kuma lokaci ne ke mulkinsa. Ko dai a sa'o'in farko kafin kumburi ya rufe komai, ko a jira kwana 5 zuwa 7 ya sauka a ga ainihin siffar. Ga babba, damar gyaran tana nan har wajen kwana 14. Ga yaro kusan mako guda ne, don ƙashinsa ya fi saurin kamawa. Ana kashe zafin wurin da allura ko a sa mutum barci, likita ya zura wani siririn ƙarfe ta ƙofar hanci ya ɗago ƙashin da ya faɗa, ya daidaita da yatsa daga waje, a manna abin tallafi na mako guda. Ba a tsaga fata. Yana da kyau majinyaci ya zo da tsohon hotonsa, ko na katin zaɓe ne, domin hancin mutane da yawa dama can ba a miƙe yake ba. Dabarar ma tsohuwa ce. Takardar Misira da aka sani da sunan Edwin Smith, wadda aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta bayyana mayar da ƙashin hanci mazauninsa, da toshe ƙofofin da ƙyallen lilin mai maiƙo, da tallafa shi daga waje.

Matsalarmu ita ce wannan mako biyun yakan ƙare a gida, ko a wurin mai ɗori. Gwanintar masu ɗori a hannu da ƙafa take, ba su da yadda za su leƙa cikin hanci. Sai bayan wata guda, numfashi ya ƙi, munshari ya hana mutanen gida barci, sannan a nufi asibitin koyarwa a Kano ko Zariya, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. A lokacin ƙashi ya riga ya haɗe a karkace.

Daga nan sai tiyata sosai: a sake karya ƙashin da gangan, a miƙe katangar, a gyara siffa. Ita ake yi kuma in ƙashin ya dagargaje, ko raunin ya buɗe har ana ganinsa, ko gyaran hannu bai zauna ba. In ba gaggawa, likitoci kan jira wata 3 zuwa 6, wasu fiye da haka, sai nama ya gama warkewa. Ga yara kuwa sukan ɗage babban aiki har wajen shekara 16 zuwa 18, saboda katangar hanci na cikin abin da ke jan girman tsakiyar fuska. Bayan kowane irin gyara, ba fyace majina da ƙarfi, ba ɗora tabarau a karan hanci na wasu makonni, ɗan dambe da ɗan ƙwallo kuma ana so su ba fili hutun mako shida.