Tsohuwar Azara A Sabon Gini

Karatu: Nehemiya 4:1-6



Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga magini yana rushe tsohon ɗaki a Ɗan Isa, ko Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ya san ba da katanga yake farawa ba. Sai ya fara cire kwanon rufi, ya zare ƙusoshi ya miƙe su, ya ajiye ƙyaure da taga gefe. Sa'an nan ya sauke azara ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa kowace domin ya ji ko tana da sauran ƙarfi. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa takan ga ɗaki biyu ko uku. Ko tsohuwar ƙasar bango ma akan jiƙa ta, a cuɗa da ciyawa, a sake yin tubali. Mu muna ganin kango, magini kuwa yana ganin kayan aiki.

Haka ya faru a Urushalima. Sojojin Nebukadnezzar sun rushe garun birnin a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Bayan kimanin shekara 140 Nehemiya ya zo ya tarar da tarin juji. Sanballat ya yi musu ba'a cewa duwatsun da wuta ta ci ba za su sake tashi ba. Tobiya ya ƙara da cewa ko dila ya hau ginin zai zube. Amma jama'a suka sa zuciya ga aiki, suka gama garun cikin kwana 52.

A shekarun nan iyalai da yawa a ƙasar Zurmi da Shinkafi sun bar gidajensu saboda 'yan bindiga, wasu sun koma sun tarar da kango. Ɗan'uwa, idan kai ne, kada ka ce kome ya ƙare. Sa'ad da Yesu ya ciyar da mutum 5,000, ya umarta a tattara gutsattsarin da suka ragu, aka cika kwando 12. Ubangijinmu ba mai ɓarna ba ne. Ka tattara abin da ya ragu, mu kuma ikilisiya wajibinmu ne mu kama maka.

Amma akwai kangon da ya fi wannan ciwo, wato mutumin da ya faɗi cikin zunubi. Sau da yawa mukan share shi tare da juji. Markus ya gudu daga aikin bishara, har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi. Barnaba ya ɗauke shi. Daga baya Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo da Markus, domin yana da amfani a gare shi. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, aka kuwa ba shi kiwon tumaki.

Ba mu ce a rufe ido ga ruɓa ba. Magini yakan sare inda ya ruɓe kafin ya ɗora azara, tuba ke nan. Sai dai yakan ƙwanƙwasa tukuna kafin ya yar. Akwai wanda kujerarsa ta daɗe babu kowa a majami'arku. Wa zai je ya ƙwanƙwasa ƙofarsa a makon nan?

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne maginin da ba ya raina abin da ya karye. Ka tattara mu, ka miƙe mu, ka sake gina mu cikin gidanka. Ka ta'azantar da waɗanda suka rasa muhalli. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.