Gyaran Shukar da ta Karye a Lambu



Watakila wasu daga cikinmu za su yi mamakin jin cewa a zauren jami'a, inda aka saba tattauna siyasa da tattalin arziki, yau an taru a yi magana a kan karyayyen gindin tumatir. To, dalilinmu shi ne, tun shekarar 1976 da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta kuma tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka lokacin dogon hutu, ake yi wa 'yan boko kiran su kafa lambu a bayan gida. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta sake wannan kira a 1980. Ana koya mana yadda ake shuka da yadda ake ban-ruwa, amma da wuya a ji an faɗi abin da mutum zai yi ranar da ya tashi da safe ya tarar iska ta kwantar da rabin lambunsa, ko awakin maƙwabta sun kwana a ciki. A wannan rana ce galibin sababbin masu lambu suke jingine fartanya, su koma saye a kasuwa. Ƙaramin ma'aikaci da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ya san abin da kuɗin cefane yake yi masa, manomin rani na Kadawa ko Kura kuwa, wanda ruwan madatsar Tiga yake shayar da gonarsa, abincin iyalinsa na shekara yana rataye ne a jikin waɗannan tsirrai.

Kafin mu shiga bayanin gyara, ya kamata mu san yadda jikin shuka yake aiki. A cikin karan kowace shuka akwai jijiyoyi iri biyu. Na farko su ne masu ɗauko ruwa da sinadaran ƙasa daga saiwa su kai wa ganye. Na biyu kuma su ne masu ɗaukar abincin da ganye ya haɗa da hasken rana su rarraba shi ga saiwa da fure da 'ya'ya. Idan kara ya tsage amma bai rabu biyu ba, wasu daga cikin jijiyoyin nan suna nan suna aiki, saboda haka akwai sa rai. Har ila yau, a hammatar kowane ganye akwai ɗan ido mai barci, wanda kan shukar yake danne shi da wani sinadari da yake aikowa ƙasa. Da zarar kan ya guntule, sai waɗannan idanu su farka su yi toho. Wannan shi ya sa matan gida suke yankar alayyafo sau da yawa daga gindi ɗaya, shi ya sa kuma zogale yake ƙara rassa duk lokacin da aka sare shi.

Abu na farko da ya wajaba ga mai lambu shi ne ya gane mene ne ya yi ɓarnar, domin hukuncin ya bambanta. Karayar da iskar bazara ko ƙanƙara ko dabba ko ƙafar yaro ta jawo rauni ne a jiki mai lafiya, ana iya jinyarsa. Lalacewar da cuta ko ƙwaro ya jawo kuwa wani abu ne dabam, za mu zo kansa. Kada a yi gaggawar tumɓukewa. Shukar da ta yi yaushi da rana tsaka takan miƙe da yamma, wadda hadari ya kwantar kuma takan ɗago kanta cikin 'yan kwanaki. A bar ƙasa ta tsane tukuna, saboda shiga fangali yana jiƙe sharkaf yana danne ƙasa, taɓa ganye mai laima kuma yana yaɗa cuta daga wannan gindi zuwa wancan.

Mu fara da tumatir, tun da shi ne sarkin lambu a ƙasar Hausa, kuma shi ya fi kowa haƙuri da rauni. Idan reshe ya tsage bai cire ba, sai a mayar da shi mazauninsa a hankali, a haɗa bakunan raunin sosai, a sa ɗan siririn kara ko tsinke a gefe kamar yadda maɗori yake sa wa karaya, a naɗe da tsumma mai laushi ba tare da an shaƙe shi ba. Daga nan a kafa turke a tokare reshen don kada nauyinsa ya sake buɗe raunin, a rage masa ganye da ƙananan 'ya'ya don ruwan da yake samu ya ishe shi. Wannan aiki ya fi yin nasara in an yi shi a ranar, kafin bakin raunin ya bushe. Bayan mako biyu zuwa uku, in ganyen yana nan kore, sai a sassauta ɗaurin.

Idan kuwa reshen ya cire gaba ɗaya, ba a yi asararsa ba tukuna. Allah ya hore wa tumatir fitar da saiwa daga ko'ina a jikin karansa muddin ya haɗu da danshi. Sai a ɗauki kan reshen kimanin taƙi ɗaya, a cire fure da ganyen ƙasa, a soka shi cikin ƙasa mai laima a inuwa, ko cikin gwangwanin ruwa. Cikin mako ɗaya ko biyu zai yi saiwa, a dasa shi ya zama sabon gindi irin uwarsa sak. Haka nan gindin da iska ta kwantar, ba lalle ba ne a tilasta masa miƙewa har saiwarsa ta tsinke. A tara ƙasa a kan sashen da ya kwanta, zai kafa sababbin saiwoyi a nan. 'Ya'yan da suka zube kuma a tsince su. Waɗanda suka ƙosa, ko da suna kore, za su nuna a ɗaki in an shimfiɗa su a inuwa. Nunannun da suka fashe a yi miya da su a ranar, ko a yanka a shanya a yi kauɗa.

Tattasai da attaruhu da barkono rassansu ƙarfi gare su amma ba su da lanƙwasa, ɓallewa suke yi a gaɓa, musamman in sun ɗauki 'ya'ya, kuma ɗori bai cika kama su ba. Abin da ya fi shi ne a sa wuƙa mai kaifi a yanke karyayyen wurin, ɗan sama kaɗan da gaɓa mai lafiya, don yankan da ya fita sumul ya fi saurin bushewa a kan wanda ya yi zare-zare. Haka ake yi wa gauta da yalo. Kuɓewa ma tana da juriya ƙwarai: in ta karye, ko ta yi tsawo ta rage haihuwa, a datse ta a bar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, a ba ta ruwa, za ta fito da sababbin rassa ta sake 'ya'ya. Alayyafo da rama da yakuwa da lalo kuwa, karayarsu girbi ne da ya zo da wuri. A kai abin da ya karye madafa, gindin zai tofo.

Akwai kuma waɗanda gyaransu kaɗan ne, gara mu san su don kada mu ɓata lokaci. Albasa tana tsiro ne daga gindi, saboda haka in akuya ta cinye lawashinta tana ƙarama, wani zai fito. Sai dai kowane ganye ɗaya yana ciyar da ɓawo ɗaya ne a cikin kan albasar, don haka wadda ta rasa ganye da yawa ba za ta yi girman 'yan'uwanta ba, wadda wuyanta ya karye bayan ta fara kai kuma girmanta ya tsaya ke nan, a cire ta a ci, kada a ajiye. Kabejin da ya rasa zuciyarsa ba zai ƙulla babban kai ɗaya ba, sai dai 'yan ƙanana a gefe. Ɗan dashen da aka yanke daga gindi, ƙasa da ganyensa na farko, ba shi da idon da zai tofo, sai a maye gurbinsa. In aka tarar da dashe a kwance da safe kamar an sa reza, a tona ƙasar gindinsa da yatsa, sau da yawa za a sami tsutsar da take wannan aiki da dare a naɗe. Wannan ne dalilin da ya sa gogaggun masu lambu ba sa dashe irinsu duka, sukan bar saura a wurin reno don cike gurbi.

Game da jinya bayan gyara, akwai kuskure biyu da aka fi yi. Na ɗaya shi ne tula wa shuka takin zamani don a ƙarfafa ta, alhali wadda ta rasa ganye ko saiwa ba ta iya amfani da shi, ƙona ta zai yi. A jira sai sabon toho ya bayyana, sannan a ba ta kaɗan, ko ruɓaɓɓen takin gargajiya. Na biyu shi ne yawan ruwa. Shukar da ganyenta ya ragu shanta ya ragu, in ruwa ya kwanta a gindinta saiwar za ta ruɓe. A zuba ruwan a ƙasa, kada a watsa a kan rauni. In rana ta yi tsanani a yi mata 'yar rumfa da ciyawa ko tsohuwar tabarma na 'yan kwanaki, a kuma kwashe karyayyun rassa da ruɓaɓɓun 'ya'ya daga fangali.

Yanzu sai ɓarnar cuta da ƙwari, inda tausayi yake zama asara. Gindin tumatir da ya yi yaushi gaba ɗaya alhali ƙasa tana da danshi, kuma bai farfaɗo da yamma ba, ko wanda ganyensa ya nannaɗe ya ƙanƙance ya yi ɗorawa, cutar da farin ƙuda yake yaɗawa, ba ya warkewa. A tumɓuke shi, a fitar da shi daga lambu, a ƙona, kada a sa shi cikin taki, kada kuma a ɗauki reshe daga jikinsa don dashe. A wanke wuƙa da sabulu kafin a taɓa wani gindi. Fangalin da cuta ta kama kuwa a huta masa da tumatir da danginsa, wato tattasai da barkono da gauta da dankalin Turawa, a juya shi zuwa masara ko albasa.

Mun ga abin da sakaci da wannan yake jawowa a shekarar 2016, lokacin da tsutsar tumatir da masana suke kira Tuta absoluta, manoma kuma suke ce mata sharon, ta cinye gonaki a jihohin Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na shekarar, farashin kwando kuma ya ninka sau da yawa. Asalin wannan ƙwaro Amurka ta Kudu ne, ya shiga ƙasar Sifen a 2006, daga nan ya bazu zuwa Afirka, ya kuma sake yin ɓarna a arewacin Nijeriya a 2023. Tsutsar tana shiga tsakiyar ganye ne ta ci ta bar farin tabo, inda feshi ba ya kai mata da sauƙi, kuma tana saurin sabawa da maganin da aka nace a kansa. A ƙaramin lambu, duba ganye kowace safiya, da tsinke wanda ya kamu a ƙona, da share ragowar shuka bayan girbi, sun fi feshin ido rufe amfani. In feshi ya zama dole, a nemi shawarar malamin gona, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinki abin ci. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ilmin da yake cikinta namu ne, kuma mu ɗalibai mu ne ya kamata mu kai shi ƙauyukanmu da harshen da iyayenmu suke ji.

Sauran magana ita ce ta dabbobi, wadda ta sha raba zumunci tsakanin maƙwabta. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a littafin Risala na Ibn Abi Zaid, sun bayyana cewa ɓarnar da dabba ta yi wa shuka da dare tana wuyan mai dabbar, ta rana kuwa ba a ɗora masa, domin tsaron lambu da rana aikin mai lambu ne. Wannan hukunci ya raba nauyin gida biyu: mai akuya ya ɗaure ta da dare, mai lambu ya yi shinge. In aka yi ɓarna, a kai magana gaban mai unguwa a kimanta asarar, kada a ɗauki sanda a huce a kan dabba.

Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Darnin karan dawa yana tare akuya, yana kuma rage ƙarfin iskar hunturu. Turken da aka kafa wa tumatir tun mako biyu ko uku bayan dashe ya fi wanda aka kafa bayan ya kwanta. Tazara tsakanin gindi da gindi tana ba mutum wurin sa ƙafa ba tare da ya taka reshe ba, tsinkar tattasai da wuƙa maimakon fizga kuma tana hana ɓallewar rassa. Duk waɗannan ba sa bukatar kuɗi, sai kara da igiyar rama da ɗan lokaci bayan sallar la'asar.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su nemi ɗan fili kusa da ɗakunan kwana, inda ɗaliban sashen aikin gona za su riƙa nuna wa sauranmu waɗannan dabaru da hannu. 'Yan'uwanmu ma'aikata kuma da suke da fili a bayan gidajensu, muna roƙonsu su gwada ko da fangali biyu ne a ranin bana, in kuma ɓarna ta same su, su duba abin da za a iya ɗorawa da abin da za a iya dasawa kafin su yanke ƙauna.

 Allah ya sa albarka a cikin abin da muka shuka.