AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Ƙasar Da Ayabar Cikin Gida Ke So, Da Yadda Za Ta Tsallake Hunturu

 

A wannan mako wasiƙu uku ne suka zo mini a kan magana ɗaya, daga Shinkafi, da Zurmi, da Ƙauran Namoda. Dukkansu a kan ayabar da ake dasawa a cikin gida ne, a rabin duro, ko tsohuwar randa, ko buhu. Wani zai ji ya ce, ayaba a duro, ai wasan yara ne. To ba wasa ba ne. Kowa ya san halin rashin tsaron da ƙasarmu ta shiga a 'yan shekarun nan, har mutane da yawa sun bar zuwa lambunansu na bakin gulbin Gagare da na Bunsuru. Wanda ya sa kuɗinsa ya sayi 'ya'yan ayaba, ya yi ta sayen ruwa a garwa yana ba su, in suka mutu asara ce, ba ƙarama ba. Don haka ku gyara zama.

WASIƘAR SHINKAFI

Wani Alhaji mai sayar da kayan marmari a kasuwar Shinkafi, wadda ke ci ranar Alhamis, ya ce ya samo 'ya'yan ayaba guda huɗu, ya yanka duro biyu, ya sa yara suka ɗebo masa baƙar ƙasar fadama zalla suka cika. Yana ban ruwa safe da yamma. Da sanyi ya shigo sai ganye ya soma rawaya, da ya tono gindin ya tarar ya yi baƙi yana wari. Yana tambaya, ko sanyi ne ya kashe su?

Alhaji, Allah Ya mayar maka da alheri. Amma ba sanyi ne ya kashe su ba, nutsewa suka yi. Saiwar ayaba tana numfashi kamar yadda ni da kai muke yi. A fadama laka tana da inda za ta tura ruwa, ya bi ƙasa ya tafi. A cikin duro kuwa babu wurin zuwa. In ka jiƙa laka sai ta cure kamar tuwo, iska ba ta shiga, in ta bushe kuma ta tsattsage ta tsinka saiwa. Ga shi lokacin sanyi ayaba ba ta shan ruwa sosai, kai kuma ba ka rage ba. Ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe.

Ayaba tana son ruwa ya ratsa ta ya wuce, ba ta son ya kwana a gindinta. Wannan ita ce maganar yau duka, sauran bayani ne.

To ga haɗin da nake ba da shawara a kai. Ka ɗauki ma'auni ɗaya, ko bokiti ko daro, kada ka sauya shi.

Na farko, ƙasar sama ta gona mai kyau, wato wadda ba ta wuce zurfin taki ɗaya na hannu ba: awo 2. Ta gindin gawo ko ta tsohon juji da ya riga ya zama ƙasa ta fi, amma a tankaɗe ta a fitar da leda da kwalba da tsohon batir.

Na biyu, takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe sarai: awo 1.

Na uku, yashin gulbi mai tsakuwa-tsakuwa, ko buntun shinkafa da ya ruɓe ko aka babbaka shi ya yi baƙi bai zama toka ba: awo 1. In ka samu duka biyun ka yi rabi da rabi. Ku mutanen Shinkafi dai ba sai na gaya muku inda ake samun buntu ba.

In ƙasar gonarka jigawa ce, rairayi ya riga ya yi mata yawa, to bar yashin, ka sa buntu kawai, ka ɗan ƙara laka kaɗan don ta riƙe laima.

Ta yaya za ka san haɗin ya yi? Ka yayyafa masa ruwa, ka dunƙula a hannu. In ya dunƙulu, ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya ƙi dunƙuluwa, yashi ya yi yawa. In ya zama kamar ƙwallon da yara ke jifa da shi, laka ta yi yawa. Gwaji na biyu, bayan ka cika duron ka zuba bokitin ruwa guda. In ruwan ya shige ya soma ɗiga ta ƙasa kafin ka gama alwala, madalla. In ka dawo ka tarar da shi tsaye, juye ka sake haɗi.

Shi kansa duron a huda masa gindi wuri 8 zuwa 10, kowace huda yatsa ya shiga. A rufe hudojin da tsingaro don kada ƙasa ta zube, a ɗora shi a kan duwatsu ko bulo. Ba sai an shimfiɗa tsakuwa mai yawa a ƙasa ba, wuri kawai take cinye wa saiwa. Kuma duron da aka taɓa zuba maganin feshi a ciki, a bar shi, ba na shuka abin ci ba ne.

WASIƘAR ƘAURAN NAMODA

Wani Malam daga Ƙaura ya ce yana da kaji, ya zuba wa ayabarsa kashin kaji cikin kwano, kwana uku gefen ganyen ya ƙone. Ya kuma ce ya gani a waya Turawa suna sayen ƙasa a leda, ko shi ma sai ya nemo irinta?

Malam, ka tuna mini da kaina. Lokacin ina koyarwa a firamare na taɓa yi wa ayabar lambun makaranta irin wannan gata, da safe na zo na tarar kamar an watsa mata ruwan zafi, yara suna ta yi mini dariya a ɓoye. Ɗanyen kashin kaji wuta ne. Yana da gishiri da zafin da ke ƙona saiwa, ga duro ba shi da faɗin da zafin zai baje. Ka tara shi gefe, ka haɗa da tattaka da busasshen ganye, kana yayyafa ruwa kana juyawa, wata 2 ko 3. Ran da ka sa hannu ka ji ba ɗumi, ba wari sai ƙanshin ƙasa, to ya nuna.

Batun ƙasar leda kuwa, riƙe kuɗinka. A Ingila da irin ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, dole ne su shigar da ayaba ɗaki in sanyinsu ya zo, don haka suna son ƙasa marar nauyi. Suna haɗa ta da ɓawon kwakwa da ruɓaɓɓen ɓawon itace da wani farin dutse mai kama da gugguru. Aikin da waɗannan ke yi musu shi ne buɗe wa iska da ruwa hanya, kuma shi ne aikin da buntu da yashi ke yi mana kyauta.

Abu biyu zan ƙara maka. Ayaba tana cin sinadarin fotash fiye da yawancin amfanin gona, tokar murhu kuwa tana da shi. Amma tafi ɗaya ya isa rabin duro, a gauraye da ƙasa, don toka in ta yi yawa sai ta mai da ƙasar kamar mai kanwa. Takin zamani kuma, irin NPK 15-15-15, cikin kwalin ashana 2 a wata, a zagaye bakin duro nesa da gindi, a bi da ruwa. Amma daga Disamba zuwa Janairu a dakata, don ba ta ci a lokacin.

WASIƘAR ZURMI

Wata dattijuwa daga Zurmi, jikanta ne ya rubuta mata, ta ce bara iskar hunturu ta yayyage ganyen ayabarta, sai ta sa aka ja ta cikin ɗaki aka rufe. Bayan mako uku ta yi fari ta langaɓe. Bana me za ta yi?

Inna, ina gaisuwa, Allah Ya ƙara lafiya. Tausayi ne ya sa kika yi haka, amma ɗaki mai duhu kurkuku ne ga ayaba. Da hasken rana take dafa abincinta. Gaskiya ne in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 15 a ma'aunin zafi girmanta yakan ja baya ƙwarai, kuma a nan wajenmu wasu dararen Disamba da Janairu sukan kai haka. Amma sanyinmu ba irin mai kashe ta ba ne. Tsayawa take yi, da ɗumi ya dawo ta ci gaba. Abin da ke cutar da ita shi ne busasshiyar iskar nan mai ƙura da ke kaɗowa daga arewa maso gabas.

Don haka, Inna, maimakon ɗaki, a nema mata kusurwar tsakar gida inda katanga ta tare mata arewa da gabas, rana kuma tana samun ta yawancin yini. In babu katanga a kafa zana. A zaɓi wurin tun kafin a cika duron, don rabin duro yana cin lita 100, in ya jiƙe ya fi buhun gero nauyi, kada a karya wa jikoki baya. A naɗe jikin duron da tsohon buhu ko zana, yana tare sanyin dare, da bazara kuma ya hana ƙarfen gasa saiwa. A rufe saman ƙasar da buntu ko busasshiyar ciyawa, amma a bar tazara da gindin, a kuma riƙa dubawa saboda gara.

Ban ruwa a hunturu da hantsi ake yi, ba da magariba ba, don kada saiwa ta kwana cikin ruwan sanyi. Kafin a zuba a tura yatsa cikin ƙasar. In da laima a bari sai gobe. Ruwan alwala da na wankin hatsi ba laifi, amma ban da ruwan wanki mai omo. In kika ga fari-fari ya taru a saman ƙasar, gishirin ruwan rijiya ne, a kankare shi a zuba ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke ta ƙasa. Ganyen da ya yage kuwa, muddin yana da kore kada a yanke shi, yana nan yana aiki.

GA MAI SON SAKE DASAWA

Ka nemi gajeriyar ayaba, doguwa ba ta zaman duro. Cikin 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa, zaɓi mai siririn ganye kamar takobi da kauri a ƙasa, ka bar mai faɗin ganye tun yana ƙarami. Ka fere saiwoyin da duk wani baƙi-baƙi har gindin ya yi fari. Masana na cibiyar IITA da ke Ibadan sun koyar da tsoma gindin da aka fere cikin tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30, don kashe tsutsotsin da ke ɓoye a ciki. Gindin kawai, kuma ka ƙirga talatin ka cire, kada ka dafa shi. Kada ka ɗebo ƙasa daga inda tumatir ko kuɓewa suka yi saiwa mai ƙulu-ƙulu, ciwon yana cikin ƙasar. Lokacin dashe mafi kyau shi ne farkon damina, don ta yi ƙarfi kafin hunturu. Ɗa ɗaya tak za ka bar mata a gindi, sauran ka cire ka ba maƙwabta. Sannan ka yi haƙuri, shekara guda ko fiye kafin ka yanki nono, kuma ba zai kai na lambu girma ba, amma yara za su ci, baƙo ma ya samu.

To jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Alhaji, huda duronka. Malam, bar kashin kaji ya huce. Inna, fito da ita ta ga rana. Wanda ya gwada ya rubuto mana yadda ta kaya, don wasu su ƙaru. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya mai da kowa gonarsa cikin aminci. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.