Hujin Kunne Da Lafiyar 'Ya'yanmu Mata



Maganar da muka zo da ita yau ƙarama ce a ido, watau hujin kunne da 'yan kunnen da ake fara sa wa yarinya. A ƙauyukanmu na ƙasar Dambatta, Bichi, Makoɗa da Kunchi, da wuya a yaye 'ya mace ba a huda mata kunne ba. Ungozoma ko wata dattijuwa ce ke yi da allura da zare, a bar zaren a ciki, daga baya a sa tsinke don kada hujin ya toshe. Ado ne na gado, ba mu zo don mu kushe shi ba. Abin da muke so a duba shi ne allurar da kuma ɗan kunnen farko.

Mu fara da allura. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a kan ƙarfe ba ta mutu ba, kuma cikin jarirai goma da suka kamu, kusan tara za su zauna da ita har girma. In an huda yara uku da allura ɗaya, an haɗa jininsu ke nan. Tsinke da toka kuwa suna iya ɗauko cutar tetanos, mai sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi. Nijeriya ta sa allurar ciwon hanta cikin rigakafin yara a 2004, ana yin ta farko ranar haihuwa, sa'an nan akwai ta mako 6, da 10, da 14, wadda ta haɗa har da tetanos. Saboda haka ya fi kyau a jinkirta huji sai an kammala waɗannan, a yi shi da sabuwar allura, da hannu wankakke.

Na biyu, ɗan kunnen farko. Kaurin sandarsa ya zama kamar milimita 1. Wanda ya fi haka siranta yana yanka fata, mai nauyi kuma yana ja har kunne ya tsage. Tsawonsa ya wuce kaurin kunnen kaɗan, domin sabon huji yana kumbura, in maƙallin baya ya matse sai ya nutse cikin nama. Zinariya mai karat 18 ko fiye ita ce ta fi dacewa. Masu araha da ake kasawa ranar kasuwa sau da yawa akwai ƙarfen nikel a cikinsu, wanda ke jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Shi ya sa ƙasashen Turai suka taƙaita shi da doka tun 1994.

Na uku, jinya. A tafasa ruwa kofi ɗaya, a zuba gishiri rubu'in ƙaramin cokali, in ya huce a wanke wurin safe da yamma. Kada a riƙa murza ɗan kunnen, kada a canza shi kafin mako 6 zuwa 8. Hujin hanci da na guringuntsin saman kunne sukan ɗauki watanni. In an ga ruwan mugunya, ko kumburi mai zafi, ko zazzaɓi, a tafi asibiti nan da nan. Gidan da tabo kan yi tsiro a jikin mutanensa kuwa, su nemi shawarar likita tun kafin a huda.

'Yan'uwa, iyayenmu mata ba sakaci suke yi ba, abin da suka tarar ne. Mu da aka kashe wa kuɗi muka yi karatu, nauyin bayani yana wuyanmu. Idan muka koma gida hutu, mu zauna da su cikin ladabi mu faɗa musu, kuma in za a yi wa ƙanwarmu huji, mu sayo sabuwar allurar da kanmu.