Littattafan Malam Umar Falke a wayarka



Yau hirarmu a kan wata taskar littattafai ce ta Kano wadda ba ta Kano. Malam Umar Falke, ɗan kasuwa kuma malamin Tijjaniyya, ya rasu a 1962. Littattafansa sama da 3,000, yawanci rubutun hannu na Larabci, wasu na ajami, yanzu suna Jami'ar Northwestern a Amurka.

To, ba sai ka nemi biza ba kafin ka san abin da ke ciki. An sa jerinsu a intanet: sunan littafi, marubucinsa, fanninsa, da lambar ajiya. Amma fa jeri ne, ba littafin ba. Lambar nan za ka kawo musu in ka rubuta kana neman hoton shafukan.

Inda na ga ana yawan tuntuɓe shi ne suna. Ka buga "Usman Danfodiyo", ka tashi a tutar babu, ka ce ai babu Shehu a ciki. Su kuwa da sigar Larabci suke rubutawa, "Uthman". Bakano "al-Kanawi" ne a wurinsu, Bakatsine "al-Kashinawi". Gwada haka ka sha mamaki.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, na Falke an ƙirga su, an ba kowanne lamba. Waɗanda ke adakar kakanninmu a Tarauni da cikin gari fa? Gara na ci, ko sunayensu ba mu rubuta ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa Gidan Ɗan Hausa.